Idan mamaci bai bar magana ba, wa ke da ikon kyautar da ƙodarsa?

Mutum ya cika a gadon asibiti. Ƙodojinsa biyu lafiya lau, hantarsa ba tabo, zuciyarsa garau. A wani gari kuma akwai wanda ya yi shekaru yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, yana jiran ranar da za a kira shi a ce an samu. Mamacin nan a tsawon rayuwarsa bai taɓa cewa a ɗauka ba, bai kuma taɓa cewa kada a taɓa shi ba. To shirun nan nasa a wane gefe za a ajiye shi, yarda ko ƙi?

A kan wannan tambaya ƙasashe suka rabu, kuma a 'yan shekarun nan da yawa sun sauya sheƙa. Yankin Wales ya fara ɗaukar shiru a matsayin yarda a Disamban 2015. Ingila ta bi sahu ranar 20 ga Mayun 2020, Holan ma a shekarar, Sikotlan a 2021, Ireland ta Arewa a 2023. Jamus kuwa majalisarta ta yi muhawara a Janairun 2020 ta ce a'a. Duk lokacin da irin wannan doka ta fito sai magana ta kasu biyu. Wasu su ce gwamnati ta mallake gawar jama'a, za a riƙa farke mutane ba da sanin kowa ba. 'Yan siyasar da suka kawo dokar kuma su ce daga yau layin masu jiran dashe zai fara ƙarewa. Duka biyun ba haka abin yake ba.

## Tsari biyu, da abin da ke tsakaninsu

Na farko shi ne tsarin furta yarda. Ba a cire komai daga jikin mamaci sai in shi da kansa ya sa sunansa a rajista tun yana raye, ko iyalinsa sun ba da izini bayan rasuwarsa. Amurka da Jamus a kan wannan suke. A Amurka galibi wurin karɓar lasin tuƙi ake yi wa mutum tambayar.

Na biyu shi ne tsarin ƙaddara yarda. Doka ta ƙaddara cewa kowane baligi mai hankali ya amince, sai fa wanda ya tashi ya rubuta cewa shi bai amince ba. Faransa ta yi irin wannan doka tun 1976, Sifaniya a 1979, Ostiriya a 1982.

Duk mai wayar hannu ya san bambancin. Akwai tsarin da sai ka danna da kanka ka shiga, akwai kuma wanda za ka wayi gari an saka ka, ana zarar kuɗinka, kai ne da neman lambar fita. Sai dai a nan wanda aka saka ɗin ya riga mu gidan gaskiya, ba zai duba ya ga an cire masa ba, balle ya yi ƙorafi.

Tsarin ƙaddara yardar ma iri biyu ne. Akwai mai tsauri, inda maganar iyali ba ta hana komai. Akwai mai sassauci, inda dole a zauna da iyali kafin a taɓa gawa, in sun dage kuma a haƙura. Kusan duk ƙasashen Turai a aikace mai sassaucin suke bi. A Ingila dokar ba ta hau kan 'yan ƙasa da shekara 18 ba, ba ta hau kan wanda ba shi da cikakken hankalin fahimtarta ba, haka baƙo mai ziyara da wanda bai cika wata 12 da zama a ƙasar ba.

## Ba kowane mamaci ake magana a kai ba

Wannan shi ne abin da aka fi jahilta. Wanda ya rasu a gida, ko a hanya, ko ma a ɗakin jinya na gama-gari, gaɓoɓinsa na ciki sun tashi daga aiki cikin ɗan lokaci, domin da jini ya daina zagayawa suke fara lalacewa. Wanda za a iya cirar ƙodarsa ko hantarsa kusan kullum shi ne wanda ya cika a sashen masu tsananin rashin lafiya, yana kan na'urar numfashi, galibi bayan hatsarin da ya taɓa kai ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. A Birtaniya, wajen mutum ɗaya cikin ɗari ne ke mutuwa a irin wannan yanayi.

A nan maganar mutuwar ƙwaƙwalwa ke shigowa. Ƙwaƙwalwa ta mutu murus, ba dawowa, amma na'ura na hura huhu, zuciya na ci gaba da bugawa. Likitoci sun ce ya rasu. Uwa kuwa ta taɓa hannun ɗanta ta ji ɗumi, ta ga ƙirji na ɗagawa. A cikin wannan hali ne, cikin sa'o'i kaɗan, ake zuwa mata da maganar kyautar gaɓoɓi, saboda zuciyar da aka cire ba ta wuce awa huɗu zuwa shida a waje, ƙoda ce ma ke iya kaiwa kwana guda ko fiye. Duk wata muhawarar doka, a wannan ɗakin take ƙarewa.

## Hujjar masu son a ƙaddara yarda

Hujjarsu tana da nauyi, kada a raina ta. Kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne dashen da ake yi a duniya bai wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da ake buƙata ba. A Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke kan layin jira. Mamaci ɗaya yana iya ceton rai har takwas. Kuma in an tambayi jama'a a ƙasashen Turai, mafi yawansu sukan ce suna goyon bayan kyautar, amma waɗanda ke zuwa su yi rajista ba su kai haka ba. Ba ƙi ba ne, ganda ce irin ta ɗan Adam, da kuma rashin son tunanin mutuwa.

Masu bincike biyu, Eric Johnson da Daniel Goldstein, sun wallafa wani nazari a 2003 da ya yi tashe ƙwarai. Sun nuna cewa a Jamus kashi 12 cikin ɗari ne ke cikin lissafin masu yarda, a Ostiriya kuwa, maƙwabciyarta mai harshe ɗaya da ita, sama da kashi 99. Mutane iri ɗaya, doka ce kawai ta bambanta. Don haka masu wannan ra'ayi suke cewa: tunda dole doka ta yi kuskure a kan wasu, wanne ya fi muni? A binne ƙodar wanda da an tambaye shi zai bayar, wani ya mutu saboda haka, ko a ɗauki ta wanda da an tambaye shi zai hana?

Dokar Ingila ma da irin wannan labari aka tallata ta. Sunan yara biyu aka sa mata, Max da Keira. Keira Ball 'yar shekara tara ce da ta rasu sakamakon hatsarin mota a 2017, aka dasa zuciyarta ga Max Johnson, shi ma yaro. Abin lura, iyayenta ne suka ba da izini, kuma dokar da ke ɗauke da sunanta ba ta shafi yara ba ko kaɗan.

## Shin shiru yarda ne?

Bahaushe ya ce shiru ma magana ce, amma bai ce kullum "to" take nufi ba. Mai shiru yana iya zama ya yarda. Yana iya zama bai ji ba, ko bai iya karatu ba, ko bai jin harshen da aka yi sanarwar da shi, ko yana ta cewa gobe zai je har ajali ya riske shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan matsala a wani babin. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Imam Shafi'i cewa ba a jingina wa mai shiru magana. Sannan aka yi togaciya: shiru a wurin da ake buƙatar bayani yana iya zama bayani. Shahararren misali shi ne budurwar da waliyyinta ya nemi izininta a kan aure, wadda hadisi ya ce shirunta shi ne izininta. Amma a duba sharuɗɗan da ke kewaye da wannan shiru. An zo gabanta, an ambata mata wanda ake magana a kai, tana da damar ta ce ba ta so ko ta nuna alamar ƙi. Malaman Malikiyya ma suka ƙara da cewa abin so ne a sanar da ita tun farko cewa in ta yi shiru za a ɗauka ta yarda. Ba fatawa nake ba a kan dashe, amma a ganina ma'aunin da ya dace da dokar ƙaddara yarda ke nan: an tambayi mutumin kuwa? Ya san abin da shirunsa zai jawo? Hanyar cewa a'a a buɗe take gare shi, ko sai mai ilimi da intanet?

Da wannan ma'auni za a ga ƙasashen ba ɗaya suke ba. Holan ta aika wa kowane baligin da ba ya cikin rajista wasiƙa har gida, ta sake aika ta tuni, sannan ta rubuta shi a matsayin wanda ba shi da ja, ta kuma sanar da shi an rubuta. Wannan ya yi kusa da tambaya ta gaskiya. Duk da haka da ƙyar dokar ta sha a majalisar wakilansu a 2016, ƙuri'a 75 da 74. Ƙasar da ta wadatu da tallan talabijin kuwa, ba za ta ce ta tambayi tsohuwar da ba ta jin Turanci ba. Kuma waɗanda sanarwa ba ta kai wa kusan kullum su ne talakawa, baƙin haure da tsofaffi. Mai gata in bai so zai fita cikin minti biyu. Maras gata ne ke zama a ciki ba da saninsa ba.

Akwai kuma maganar niyya. Ana kiran abin kyauta, wasu malamai na kwaɗaitarwa da cewa sadaka ce mai gudana. To kyautar da mai ita bai yi niyya ba, sunanta kyauta? Cocin Katolika, wanda ke yaba kyautar gaɓoɓi bayan mutuwa, ya rubuta a koyarwarsa cewa ba ta halatta sai da izini bayyananne daga mai gaɓar ko wakilinsa. Masu kare dokar sukan amsa da cewa maras lafiyar da ke jira ba ruwansa da ladan mai bayarwa, ƙoda yake nema. Gaskiya ne. Amma in haka ne, a daina kiran abin yarda, a fito fili a ce al'umma ta ɗora wa kowa wani haƙƙi sai wanda ya nemi a sauke masa. Wannan matsayi ne da za a iya karewa, kuma ya fi gaskiya.

## Abin da Sifaniya ta yi

Duk mai tallan dokar ƙaddara yarda sai ya ambaci Sifaniya, domin ta fi shekara 30 tana kan gaba a duniya. Sai dai tarihin ba ya goyon bayansa sosai. Dokar tun 1979 take, amma shekara goma bayan nan masu bayarwa ba su wuce 14 a cikin kowane mutum miliyan ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne hukumar dashe ta ƙasa da aka kafa a 1989 ƙarƙashin wani likitan ƙoda, Rafael Matesanz. An sa jami'in dashe a kowane babban asibiti, yawancinsu likitocin sashen masu tsananin ciwo, waɗanda ke gane mai yiwuwar bayarwa da wuri. An horar da su yadda ake magana da iyalin da ke cikin jimami. Ana biyan asibiti kuɗin ɗawainiyar da ya yi. An kuma daina raina gaɓoɓin tsofaffi. Zuwa 2019 adadin ya kai wajen 49 a miliyan. A duk tsawon wannan lokaci ba a cire gaɓa a Sifaniya sai iyali sun amince. Matesanz da kansa yana cikin waɗanda suka rubuta a wata mujallar likitoci ta Birtaniya a 2010 cewa batun ƙaddara yarda ɗauke hankali ne daga ainihin aikin.

Alƙaluman Jamus da Ostiriya ɗin nan ma na sunaye ne a takarda. A wajen gaɓoɓin da ake samu da gaske Ostiriya ta fi, amma ko kusa ba ninki takwas ba. Amurka da ke kan tsarin furta yarda tana cikin na gaba-gaba a duniya, Bulgeriya da ke da dokar ƙaddarawa tana can ƙasa. Wani nazari na 2019 da ya kwatanta ƙasashe 35 masu arziki bai ga bambanci na a zo a gani ba a yawan mamatan da ake samun gaɓoɓinsu, sai ma ya ga masu bayar da ƙoda suna raye sun fi ƙaranci a ƙasashen ƙaddarawa. Wasu nazarce-nazarcen da suka gabace shi sun ga ƙari. A Ingila, bayan dokar, yawan iyalan da ke amincewa bai hau ba, sauka ya yi daga wajen kashi biyu bisa uku zuwa kusan kashi 60 cikin ɗari, ko da yake dokar ta faɗo tsakiyar annobar korona, wadda ta hargitsa asibitoci.

## Inda dokar ta juya wa masu ita

Brazil ta yi dokar ƙaddara yarda mai tsauri a 1997. Wanda bai so sai ya je a buga masa a katin shaida ko lasin tuƙi cewa shi ba mai bayarwa ba ne. Jama'a suka yi tururuwa ofisoshi, tsoro ya bazu cewa likitoci za su riƙa gaggawar cewa mutum ya mutu, likitocin su ma suka ƙi cire gaɓa ba da izinin iyali ba. Kafin ƙarshen 1998 gwamnati ta janye. Chile ta gwada a 2010, mutane masu ɗimbin yawa suka yi rajistar ƙi, sai da aka yi wa dokar kwaskwarima a 2013.

Abin da ke rushe dashe a ko'ina shi ne zargi. A Birtaniya an gano a 1999 cewa asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool ya yi shekaru yana ajiye gaɓoɓin yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba, har wasu iyaye suka sake jana'iza. Wannan ne ya haifar da dokar 2004 da ta ɗora komai a kan izini. A Jamus an bankaɗo a 2012 cewa ana sauya bayanan marasa lafiya a wasu cibiyoyi don su tsallake layi, masu bayarwa suka ragu na shekaru.

## Musulmi da wannan doka

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta cire gaɓa daga mamaci don ceton rayayye, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin mutuwarsa, ko magadansa sun yi, ko shugaban Musulmi idan ba a san mamacin ba ko ba shi da magada. Ta kuma haramta sayarwa. Ba duka malamai suka tafi a kan haka ba. Sheikh Sha'arawi na Masar ya tsaya a kan cewa jiki mallakar Allah ne, ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba, kuma masu hanawa na kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. A kan mutuwar ƙwaƙwalwa ma an saɓa: zaman da majalisar ta yi a Amman a 1986 ya ɗauke ta mutuwa, majalisar fiƙihu ta Makka kuwa a 1987 ta yarda a cire na'ura amma ta ce hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya.

Singafo ta bi wata hanya mai ban sha'awa. Da ta yi dokarta a 1987 sai ta cire Musulmi daga ciki. Sai da majalisar addinin Musulunci ta ƙasar ta ba da fatawa a 2007, sannan aka shigar da su a 2008. Amma dokar Singafo mai tsauri ce. Wanda ya yi rajistar ƙi, in wata rana shi ya buƙaci dashe, baya ake mayar da shi a layi. A 2007 ɗin nan an yi wani tashin hankali a wani asibitin ƙasar, iyalin wani mutum da ƙwaƙwalwarsa ta mutu suka durƙusa suna roƙon a ƙara musu lokaci kafin a cire gaɓoɓinsa, bayan kwana gudan da aka ba su, har sai da aka kira 'yan sanda. Doka ta yi aikinta, gaɓoɓin sun tafi ga masu buƙata. Ko nawa wannan hoto ya ci wa tsarin a zukatan jama'a, wannan wani lissafi ne daban.

## Mu fa?

Ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da iyalansu da ke zaune a Birtaniya, duk wanda ya cika shekara yana zaune can dokar ta hau kansa. Rajistar hukumar lafiya ta ƙasar tana ba shi damar ya ce e, ko a'a, ko ya zaɓi gaɓoɓin da ya yarda da su, har da wurin nuna cewa a kula da addininsa. Abin da ya fi rajistar tasiri shi ne iyali su san matsayinsa: inda suka san mamaci ya yi rajistar yarda, wajen tara cikin goma sukan amince, inda ba su sani ba kuwa abin yakan faɗo kusan rabi. Ana ɗinke gawa a miƙa ta a yi wanka da sutura, sai dai jana'iza na iya jinkiri. Kada kuma a manta baƙaƙen fata a can sun fi daɗewa a layin ƙoda, saboda ciwon ya fi yawa a cikinsu, masu bayarwa daga jinsinsu kuma sun yi kaɗan.

A Najeriya kuwa, ƙaddara yarda ba ta da wurin zama a yanzu. Yawancin mutane a gida suke cikawa, a binne su kafin rana ta faɗi, mafi yawan mace-macen ma ba a yi musu rajista. Gadajen masu tsananin ciwo kaɗan ne. Mutanen Kano kuma ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a 1996 ba, wanda batun izinin iyaye ya kai har kotu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a kan furta yarda take: mutum na iya wasiyya da jikinsa a rubuce gaban shaidu biyu, kuma ta hana cinikin gaɓoɓi.

Dashen ƙodar da ake yi a ƙasar, tun na farko a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000 da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ya fara a 2002, kusan duka daga rayayyu ne. Don haka shirun da ya fi kusa da mu ba na mamaci ba ne. Na ƙanen da aka tara dangi aka ce jininsa ya dace da na yaya ne, ya sunkuyar da kai. Na matar da ba za ta iya kallon surukanta ta ce tana tsoro ba, da na yaron gida da aka yi wa alkawarin jari. Shari'ar tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023, a kan irin wannan ta ginu: an kai wani matashi ɗan tireda daga Legas zuwa Landan a matsayin ɗan uwa mai kyautar ƙoda ga 'yar Ekweremadu. Aikin bai yiwu ba ne saboda likitan da ya zauna da saurayin ya yi masa tambayoyi, ya lura bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi amincewa a ci gaba.